Ƙwaryar Iri a Gidan Kaso

Ubana bai taɓa kiran sunana ba har aka rufe shi da ƙasa. Ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. In yana so a ba ni wani abu sai ya dubi bango ya ce, "A ba wancan." In na shigo zaure yana zaune, nan take zai tuna da wata igiya da ya bari a bayan gida. Mutane suna cewa ƙauna ce aka rufe da faifai. Ni dai faifan na gani. Da sarki ya aiko a ba da yara a kai lakwal, makarantar boko, ba a yi doguwar shawara a gidanmu ba, ni aka miƙa. Na yi 'yan shekaru ina shan bulalar mushe, malamin lakwal, a Maradi, na fito da faransancin da bai isa ya ba ni kujera a biron gwamnati ba, amma ya isa ya sa 'yan ƙauyenmu su riƙa dariya in sun gan ni da hauya. A can na musulunta. Wannan ma bai ce komai a kai ba, don kafin ka yi wa mutum faɗa sai ka dube shi.

Ƙauyenmu yana tsakanin Madarumfa da Gabi. Gidanmu na Anna ne, masu bin abin da kakanni suka bari, kuma ubana ne mai gandu. Dokar gidan ita ce ba a jefa ƙwayar gero ko ɗaya a gandu sai ya sa hannunsa cikin irin, ya motsa shi, ya gauraya da wani garin magani da shi kaɗai ya san haɗinsa, ya yi wa Uwar Gona maganar da yake yi mata. Bayan haka kowa ya ɗauki sungumi. Kafin haka, ko ruwa ya kwana yana zuba, sai dai a zauna a kalle shi.

Abin da zan faɗa ya faru ne a ƙarshen farin nan da ya share shanu, shekarar da soja suka karɓi mulki. Mun ci anza, mun ci dusa, mun ci ganyen da a da ko akuya sai ta yi shawara. Duk tsawon wannan wahala akwai tulu guda cike da irin gero, an liƙe bakinsa da laka, an binne shi a ɗakin ubana. Kowa ya san yana nan. Ɗiyar ƙanwata ta mutu da rani, cikinta kamar ganga, tulun yana nan ƙarƙashin tabarmarsa. Ranar da aka binne ta na tsaya a tsakar gida na gaya wa bango abin da ke raina, da ƙarfi, yadda ubana ya koya mini a yi magana. Bango bai amsa ba.

Da bazara ta yi tsanani, saniya ɗaya ta rage mana, ita ma sai an ɗaga ta take tashi. Ubana ya ɗauki gatari ya je ya sassare rassan wani gawo da ke bakin gandu ya zuba mata. Masu tsaron daji suka iske shi. Suka ce an hana taɓa gawo. Ya ce kakansa ne ya bar itacen nan ya girma, tun ba a haifi wanda ya hana ba. Ɗayansu ya kama gatarin, ubana ya ture shi, hular mutumin ta faɗi ƙasa. Da rassan kaɗai ne da an gama a wurin. Hular ce ta tafi da shi. Aka ɗaure shi aka yi arewa da shi, ba wanda ya san inda aka ajiye shi. Muka je wurin mai gari, ya ce a yi haƙuri, masu mulkin yanzu sababbi ne, ba a san abin da ke ɓata musu rai ba tukuna, in an yi shiru za a sako shi. Muka yi shiru. Ƙanena, wanda ubana ke ja a jiki yana nuna masa abubuwan gidan, yana ci-rani can ƙasar Katsina, ba labari.

Sai ruwa ya sauko. Ruwan shuka na sosai, irin wanda muka manta kamanninsa.

Da gari ya waye na ji ana haƙa a ɗakin ubana. Gwaggo ce, yayarsa, tsohuwar da ke riƙe da gidan tun da mijinta ya mutu ta dawo. Ta fito da tulun, ta fasa lakar, ta juye geron cikin ƙwaryar iri. Ƙwaryar nan ta girme ni, ta girmi ubana, ta yi baƙi ƙirin, an ɗinke ta a gefe inda ta taɓa tsagewa. Daga ciki kusa da baki akwai wani zane da aka yi da wuta. Geron ya tsaya daidai zanen. Duk abin da muka mallaka ke nan a duniya.

"Kai, ɗan lakwal," in ji ta. "Tashi ka nemo ubanka, ya sa hannu."

Na ce, "Gwaggo, a shuka mana. Gero bai san hannun kowa ba."

"Geron gidan wasu ke nan."

"To a ɗebi tafi guda in kai mashi, sauran ya zauna gida."

Ta dube ni kamar na yi tusa a makabarta. "Wanda hannun shi bai taɓa ba, ba iri ne ba, tuwo ne. Duka za ka kai. Faransancin nan da ka ci mamu shekaru kana koyo, yau ranar shi ta zo. Ka yi sauri, laima ba ta jiran ɗan kowa."

Na san ba za ta sake ba. Na kuma san matan gidan ba za su taka gandu ba in ba ta taka ba. Ta rufe ƙwaryar da faifai, ta ɗaure da tsumma, ta aza mini a ka.

Ban taɓa ganin ƙasarmu kamar wannan safiya ba. Ƙasa ta yi duhu, tana ƙamshi. Ko'ina ka duba mutane ne ramammu, haƙarƙari a waje, sungumi yana tashi yana sauka, mata na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Wasu abin da suke jefawa bai cika ludayi ba. Ni kuma, ƙato da gemu, ina tafe da ƙwarya a ka. Wani ya ɗago daga gonarsa ya ce, "Mushe, fura ko nono?" Na wuce abina.

A Madarumfa na fara da gidan jandarma. Na gyara riga, na gaida na bakin ƙofa da faransanci, har da sara masa. Ya ji daɗi, ya ce me ke tafe da ni. Na faɗa. Ya ce, "Sunansa?"

Bakina ya ƙi. Tun da aka haife ni ban taɓa furta sunan nan ba, ko ni kaɗai a daji. A gidanmu ɗa ba ya faɗin sunan ubansa, balle ɗan fari. Na ce, "Maigidanmu ne." Ya ce kowane tsoho maigidan wani ne. Sai wani na ciki ya leƙo yana dariya, wai ga mutum ya zo neman ubansa bai san sunansa ba. Daga ƙarshe na faɗa, can ƙasa-ƙasa, na ji kamar na tuɓe shi tsirara a kasuwa. Duk wannan wahala, abin da na samu shi ne, ba nasu ba ne, maganar masu tsaron daji ce. Biron masu tsaron daji kuwa a kulle, sun fita rangadi. Wani mai shara a wurin ya ce shi dai abin da ya sani, duk wanda ya taɓa mai kaki Maradi ake kai shi, babban kaso.

Na yarda da shi don maganar ta yi kama da yadda aka koya mini gwamnati take. Na hau bayan wata babbar mota, ƙwarya a tsakanin gwiwoyina, na rungume ta duk ramin da muka faɗa. A ƙofar babban kason Maradi na bi layin mata masu kwanonin tuwo har rana ta karkata. Na sake faɗin sunan, karo na biyu a rayuwata. Aka shiga aka yi kira, aka fito aka ce babu. Na kwana a tasha da ƙwarya a ciki kamar mai juna biyu.

Da ƙafa na komo. Tun daga hanya na ga launin ƙasa ya sake, duhun nan ya fara kwaɗewa. Na tsuguna na tura yatsa. Jiya laima tana sama, yau sai da rabin yatsa ya nutse na taɓa sanyi. Duk inda na huta sai na tona, duk tonawa sai ta ƙara nisa. Na zagi masu tsaron daji, na zagi gawo, na zagi Gwaggo, na zagi mai hannun da ake jira.

Na iso bakin tafkin Madarumfa rana tsaka, na zube a inuwa kusa da wata mata mai suyar kifi. Tafkin ya ja baya ƙwarai a shekarun nan, sai ka yi tafiya a kan busasshiyar laka kafin ka kai ruwa. Matar za ta yi sa'ar uwata, ƙiba ta tafi ta bar mata fata, amma bakin yana nan.

"Ɗan nan, wace amarya ta kore ka da ƙwaryarta?"

Na gaya mata, don na gaji da riƙewa. Ba ta tambayi suna ba. Ta juya kifinta ta ce, "Yana salla?"

"A'a."

"Dogo ne, mai warki, kafaɗa guda ta fi guda?"

Na miƙe zaune.

"Wayyo, Annen nan. Kullum da safe ana fito da 'yan kaso su ɗebi ruwa su kai gidajen manya. Kowa ya zo sai ya dulmuya garwa ya wuce. Shi sai ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, ya gaida ruwan tukuna, gardi na zagin shi yana gaisuwa. Mu har jiran shi muke. Amma kwanan nan bai fito ba, an ce ƙafafu sun kumbura." Ta nuna da matsamin kifin. "Ka ga dogon ɗakin kwanon can bayan dalbejiya? Siton gyaɗa ne da. Da gyaɗa ta ƙare sai anka zuba mutane."

Na wuce ta gaban ɗakin nan da zan tafi Maradi. Har inuwarsa na bi.

Gardin da ke ƙofa dattijo ne mai jar hula, goro ya rine masa haƙora, bindiga a jingine da bango kamar taɓarya. Na fara masa faransanci. Ya ce, "Maida shi aljihu kar rana ta sa ya yi tsami. Wa kake nema?" Na ce tsoho mai gaida ruwa. Ya ce, "A'a, surukin tafki! Yana ciki. Mi ka kawo mashi? Dokar nan, wanda ya kawo abinci shi ka fara ɗanɗanawa."

Na kwance tsumman, na ɗaga faifai. Ya leƙa. Ya daɗe yana leƙawa.

Na yi masa bayani. Ya saurara, ya tofar da goro, ya ce, "Ɗan nan, ji nan. Tsohon bai iya tashi, kuma ko yana iyawa ba ni da izinin fito da shi, shugaba ba ya nan. Kai kuma ba ka shiga. Yana can ƙuryar ƙarshe. In dai hannun shi kake so, sai ƙwarya ta bi ta hannun mutane ta kai gare shi. Ka san su wane ne ciki?"

Na ce ban sani ba.

"Rabinsu hatsi ya kawo su. Mai fasa rumbu, mai yanka buhun taimako, mai bin jaki da wuƙa yana tara abin da ya zubo. Sau ɗaya suke ci a yini, ludayin jar dawar nan ta taimako da ko tsuntsu bai so. Kai kuma ka zo da gero, tsaba, za ka ba kura ajiyar nama. In ta shiga, ni ba ni shiga bayanta. Bindigar nan ba ta fiddo gero daga cikin mutum."

Na tsaya. Ba zan ce na yi wani tunani mai zurfi ba. Na ga dai in na koma da ita haka Gwaggo ba za ta shuka ba, in na ce ya taɓa alhali bai taɓa ba za ta gane kafin in rufe baki, in na jira shugaba ƙasa za ta bushe. Har na ji wani mugun abu a zuciyata yana cewa, to su cinye mana, ko banza wani ya ci geron nan da aka hana ɗiyar ƙanwata.

Na ce ya buɗe.

Ya zare sarƙa ya ja ƙofar rabi. Wari ya fara fitowa, na fitsari da gumi, da tsohon ƙamshin gyaɗa a ƙarƙashi wanda bai bar bangon ba. Ɗakin dogo ne, ba taga, sai hasken da ke shigowa ta tsakanin kwano da bango. Da idona ya saba na ga mutane zaune a matse, gwiwa da gwiwa, daga bakin ƙofa har inda duhu ya haɗiye su. Idanu kawai, da wuyaye.

Na kusa da ƙofa wani siriri ne mai wushirya, daga gani ka san shi ne bakin ɗakin. Ya ce, "Gardi, baƙo munka yi ko ƙari?" Gardi ya gaya masa. Ya juya ya ƙwala, "Anne! Kai tsohon tsafi! An maishe ka kaza, an kawo maka tsaba!" Aka yi 'yar dariya. Ya miƙo hannu biyu, na ɗora masa ƙwaryar a buɗe, don faifan yana hannun gardi.

Dariyar ta mutu a bakinsa.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, ko a masallaci, ko a kan kabari. Hasken ƙofa ya sauka kan geron, kowa ya gan shi. Na ji wani ya haɗiyi yawu daga tsakiyar ɗaki, ƙarar ta iso har inda nake. Mai wushirya ya dubi geron, ya dube ni, ya ce a hankali, "Iri ne?" Na ce iri ne. Ya juya ya faɗa wa na bayansa, "Iri ne," ya miƙa masa.

Haka ta tafi. Kowa ya karɓa da hannu biyu, ya ce wa na gaba, "Iri ne," ya miƙa. Hannuwa kamar ƙirare, wasu ba ƙarfi, sai na kusa ya tallafa daga ƙasa don kar ta karkace. Wani mai carbi ya yi bisimilla ya karɓi ƙwaryar tsafi ya wuce da ita. Ina tsaye ina bin ta da ido tana tafiya a kan kawunan mutane, tana ƙanƙancewa, kalmar nan tana bin ta, iri ne, iri ne, har ta shige duhu. Duk mutanen nan manoma ne. Na manta da wannan, gardi ma ya manta. Sun ji ruwan da aka yi a kan kwanon nan, sun san abin da ake yi a waje, kowannensu yana da gonar da ba wanda zai sare ta bana.

Can ƙurya na ga abu ya motsa. An tallafi wani an zaunar da shi. Kafaɗar na gane. Ya aje ƙwaryar a kan ƙafafunsa, ya shafe hannun dama a ƙirji, ya nutsa shi cikin geron har wuyan hannu. Shirun ya kai ina jin ƙarar tsabar tana zamewa tsakanin yatsunsa. Ya daɗe yana motsawa. Sai na ji muryarsa, ta dushe, ba na kama kalmomin.

Maganar ma sai ta biyo hanyar da ƙwarya ta bi, baki zuwa baki, har ta iso ga mai wushirya. Ya saurara, ya yamutsa fuska.

"Wai da ƙwarya yake magana." Ya ɗaga murya. "Tsoho, ƙwarya ba ta da kunne! Ga ɗanka nan tsaye kamar turke!"

Amsa ta zo. Mai wushirya ya ce, "Wai tana da."

Na ce a ƙyale shi, haka muke.

"To ga abin da ya ce ma ƙwarya. Ya ce, ke ƙwarya, ba ni da garin maganin da nike zuba maki, an raba ni da shi. Ya ce amma bana ba ki bukata, kin bi ta hannun mayunwata kin iso." Mai wushirya ya tsaya nan, ya share hanci da bayan hannu, ya jira sauran. "Ya ce ki gaya ma mai ɗauke da ke ya fara daga gabas, wajen suri, kafin rana ta fito. Ba takalmi. Ya fara da kwari, tudu daga baya. Ya ce babu jan zakaran yanka bana, a dama gumba kaɗan a zuba gindin surin, Uwar Gona ta san shekarar da anka yi."

Na ce, "A gaya ma ƙwarya mai ɗauke da ita yana salla yanzu. Ba shi kiran Uwar Gona."

Mai wushirya ya ce, "Kai ma? Ashe ciwon na gado ne." Amma ya aika. Na ji maganata tana tafiya cikin bakunan ɓarayi har ta kai. Sannan ta dawo.

"Ya ce ba sai ya kira ta ba, ta san tafiyar 'yan gida. Ya tuɓe takalmi kawai ya rufe baki har ya gama layin farko. Ya ce shiru kam ya iya, wurina ya koya."

Wani ya yi dariya a tsakiya, aka harare shi. Ni ban san abin da zan yi da fuskata ba. A iya sanina wannan ne karo na farko da ya nuna ya san abin da ke tsakaninmu yana da nauyi.

"Saura guda," in ji mai wushirya, kuma wannan bai sa masa gishiri ba. "Ya ce hannun mai ɗauke da ke hannuna ne, har in fito."

Na ga ubana ya zare hannu, ya kakkaɓe ƙwayoyin da suka manne masa cikin ƙwaryar, ɗaya bayan ɗaya, har tsakanin yatsu. Bai dubi ƙofa ba ko sau ɗaya. Ƙwarya ta kamo hanyar dawowa.

Wajen tsakiyar ɗaki ta tsaya. Wani magidanci ne ya riƙe ta, fuska ta kumbura, leɓɓa sun tsattsage. Daga baya gardi ya ce mini rumbun maƙwabcinsa ya fasa saboda 'ya'yansa. Ya riƙe ƙwaryar bai miƙa ba. Ya sunkuyar da kai har hancinsa ya kusa taɓa geron. Ba wanda ya kai hannu. Na ji gardi a bayana ya daina taunar goro. Mutumin ya shaƙa, ya shaƙa, kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Bakinsa a buɗe yake, ina ganin haka daga inda nake. Sai ya ɗago, ya ce da wata murya kamar ta mai barci, "Irin namu ne, mai dogon kai." Ya miƙa.

Da ta iso hannuna na karkata ta wajen haske. Geron yana daidai zanen wuta.

Mai wushirya ya ce, "Duba da kyau, ɗan Anne, kar ka je ka ɓata mamu suna." Gardi ya maida ƙofa, ya ja sarƙa, ya miƙo mini faifai ba tare da ya dube ni ba. Ya ce, "Tafi. Ƙasa na bushewa."

Na isa gida da la'asar sakaliya. Gwaggo ta buɗe, ta sa hanci, ta dubi zanen, ta ce, "Ya taɓa." Ban san yadda ta sani ba. Da asuba na yi sallata, na tuɓe takalmi, na tsaya gabas wajen suri da sungumin ubana. Ita ta zuba gumbar. Na sari layin farko bakina a rufe, mata suna biye da ni. A kwari laima tana nan. A tudu sungumi yana fiddo ƙasa fara, muka jefa dai don an ce a jefa.

Kwarin ya tsiro kamar gashin kai. Tudun rabi ya fito, rabi ya ƙone a rami, kwanan da na yi a Maradi ne ya ci shi. Aka sako ubana ana noman farko, yana dogara sanda, ƙafafu kamar turame. Bai shiga gida ba sai da ya je gandu. Ya bi kwarin daga gabas har yamma, ya tsaya, ya ce wa Gwaggo, "Layukan nan sun karkace." Shi ke nan. Da ƙanena ya dawo da kaka da rediyo a kafaɗa, shi aka ci gaba da nuna wa garin magani, shi ya gaji ƙwaryar, shi ya sayar da gandun daga baya. Hannuna ya zama hannun ubana na damina ɗaya, aro ne, an karɓe.

Amma ranar da aka yanki geron, kafin a kai ko dami ɗaya rumbu, ubana ya ware na farko, ya sa aka sussuke, aka daka, aka yi fura cike da masaki. Ina zaune bakin zaure ya fito, ya tsaya ya dubi bango.

"A ce ma wancan ya kai ma mutanen sito."

Na ɗauka a ka, na bi hanyar nan. Gardin yana nan da goronsa. Mai wushirya yana nan bakin ƙofa, ya ƙara sirancewa, da ya gan ni ya ce, "Jama'a, ɗan ƙwarya ya dawo!" Mafi yawan fuskokin sababbi ne, ba su san dalilin furar ba. Na tambayi magidancin nan mai kumburarriyar fuska. Mai wushirya ya ce an fitar da shi a tabarma tun gero bai yi bununi ba.

Zan miƙa masakin gardi ya tare ni da hannu. Ya ce doka tana nan, wanda ya kawo shi ke fara ɗanɗanawa. Ya ba ni ludayi. Na tsuguna a ƙofar kaso, idanu suna kallona daga cikin duhu, na kurɓa. Farkon abin da ya shiga bakina ke nan daga geron.